Na kwafi bayanai cikin dare aka ɗauke wuta, wane log zan duba kafin in goge tsohuwar saba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin ofishinmu. Jiya da yamma na sa rsync, wato manhajar kwafar fayiloli, ya kwashe kusan gigabait 800 daga tsohuwar sabarmu (babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan ofis) mai Ubuntu Linux zuwa sabuwa, na tafi gida. Da safe ban tarar da wani saƙon kuskure ba, amma maigadi ya ce an ɗauke wuta cikin dare har an tada janareta. Oga yana so a goge tsohuwar a ba wani sashe. Wane log zan duba in tabbatar komai ya isa lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka buɗe kowane log, je ka roƙi oga ya ba ka kwana biyu zuwa uku. Muddin tsohuwar saba tana nan da kayanta, duk abin da ya lalace a hanya gyaransa umarni guda ne. Ranar da aka goge ta kuwa, abin da ke cikin sabuwa shi ne kaɗai abin da kuke da shi, mai kyau ne ko gurɓatacce.

Sai kuma in ɗan rage maka zumuɗi game da log ɗin kansa. Log littafi ne da manhaja ke rubuta abin da ta gani, kuma iyakar abin da ta gani take rubutawa. Ka ɗauke shi kamar takardar da direba ke miƙa wa mai kaya idan ya kawo masara daga Dawanau: an loda buhu ɗari, an sauke buhu ɗari. Takardar ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta san ko ruwa ya taɓa buhunan ƙasa ba, don ba wanda ya kwance su. Saboda haka za mu karanta takardar, mu tambayi mota ko ta samu matsala a hanya, daga ƙarshe mu kwance buhunan.

Akwai abin da ka yi da ba zai gyaru ba yanzu, gara in faɗa maka shi tun da wuri. Idan ba ka sa `--log-file=` a umarninka ba, kuma ba ka tura abin da yake fitarwa cikin wani fayil ba, to rsync bai rubuta log a ko'ina ba. Mutane da yawa suna zaton duk abin da aka yi a Linux yana sauka a `/var/log/syslog`. Ba haka ba ne. Rsync da ka kunna da hannunka a allonka yake magana, kuma in ba ka sa masa `-v` ba, shiru yake yi idan komai ya tafi daidai. Don haka shirun da ka tarar yana iya zama albishir, yana kuma iya zama cewa tagar da ka bari ta mutu an buɗe wata. Idan tagar jiya ce har yanzu kuma ba ka rubuta komai a cikinta ba, rubuta `echo $?` kafin ka taɓa wani abu. Zai ba ka lambar da umarnin ƙarshe ya fita da ita. Dama ɗaya ce tak, domin da zarar ka gudanar da wani umarni, ko `ls` ne, lambar ta canza.

Sifili na nufin rsync ya gama aikinsa bai ga matsala ba. Lamba 23 na nufin ya kwafi wasu ya bar wasu saboda kuskure, galibi rashin izinin karanta fayil, ko faifan ya kasa karanta wani wuri, kuma za ka ga layin da ke cewa `some files/attrs were not transferred`. Lamba 24 ta fi sauƙi: akwai fayilolin da ya lissafa da farko, kafin ya iso kansu sun ɓace. Wannan yakan faru idan ma'aikata na aiki a sabar ko wata manhaja na goge tarkacenta, sai ka duba sunayen da ke gaban `file has vanished` ka ga ko akwai mai muhimmanci. Lamba 11 matsalar karatu ko rubutu ce, a nan cikar faifai takan fito. Lamba 12 da 30 na hanya ne, wato layin ya yanke ko an jira ɗaya ɓangaren har an gaji. Lamba 20 kuwa wani ne ya katse shi.

Idan Allah Ya sa ka rubuta log, kada ka fara daga sama. Je ƙasa da `tail`, umarnin da ke nuna layukan ƙarshe na fayil. Aikin da ya kai ƙarshe yana rufewa da layin jimla, wanda ke ɗauke da `sent` da `received` da `total size`. Log ɗin da ya tsaya a tsakiyar jerin sunayen fayiloli babu wannan layin, aikin yankewa ya yi, ko da babu kalmar kuskure ko ɗaya a cikinsa. Na'urar da wuta ta ɗauke mata ba ta samun damar rubuta cewa ta mutu. Bayan nan sai ka tace shi da `grep -iE "error|failed|denied|vanished"`, don layi uku na kuskure cikin layi dubu ɗari huɗu ido ba zai kama su ba.

Ka kuma yi ɗan lissafin da mutane ke rainawa. Layin ofis mai gudun gigabit guda yana kai kusan megabait 110 a daƙiƙa idan fayilolin manya ne, wato gigabait 800 zai ci sama da awa biyu. Idan kuwa akwai tsohuwar na'urar haɗa layuka mai megabit 100 a tsakani, ko kebul ɗin da ya sa gudun ya faɗo, abin da za ka samu bai wuce megabait 11 zuwa 12 ba, aikin zai nemi kusan awa 20. Ka ga ke nan in ka kunna shi ƙarfe biyar na yamma ka tarar da shi a tsaye ƙarfe takwas na safe a irin wannan layin, ba gamawa ya yi ba. Ƙananan fayiloli masu yawa ma suna ƙara ja. Wajen kwatanta lokaci ka lura da agogo: sabobi da yawa kan agogon UTC suke, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya. Ƙarfe biyun daren maigadi ƙarfe ɗaya ne a log.

Yanzu tambayar mota. Batun wutar nan shi ya fi damuna, kuma amsarsa tana cikin log ɗin tsarin, a sabobin biyu, ba ɗaya ba. Fara da `uptime`. Idan ya ce na'urar ta yi awa shida a kunne alhali ka bar ta tun jiya, ta mutu ta tashi. `last -x` da `journalctl --list-boots` za su nuna maka lokacin. Daga nan ka karanta saƙonnin kanel, wato zuciyar tsarin da ke magana da faifai kai tsaye, da `journalctl -k`. A nan akwai tarko: wannan umarnin yana nuna maka abin da ya faru tun daga tashin ƙarshe kawai. In na'urar ta sake tashi cikin dare, abin da kake nema yana tashin baya, sai ka rubuta `journalctl -k -b -1`, ko ka leƙa `/var/log/kern.log`.

Abin da kake farauta bai da yawa. `I/O error, dev sdb, sector` da wata doguwar lamba, faifai ne ya kasa karanta ko rubuta wani gurbi. `EXT4-fs error` da `Remounting filesystem read-only`, tsarin ne ya ga ɓarna ya kulle faifan don kada a ƙara rubutu, duk abin da aka turo bayan wannan lokacin bai zauna ba. `USB disconnect` idan faifan waje ne. `Link is Down` sai `Link is Up` bayan ɗan lokaci, wannan shi ne sawun ɗauke wuta: sabobin na kan inbata sun tsira, amma na'urar haɗa layukan da ke tsakaninsu tana kan wutar gari ta mutu. Na sha ganin wannan a ofisoshi, an kashe kuɗi an kare manyan na'urori an manta da ƙaramar da ke haɗa su. Haka kuma in ta SSH, wato hanyar shiga saba daga nesa, ka shiga daga kwamfutar teburinka ka kunna aikin, ba cikin `tmux` ko `screen` da ke riƙe aiki ko tagarka ta rufe ba, mutuwar kwamfutar teburin kaɗai ta isa ta kashe rsync ɗin, sabobin kuwa ba za su nuna komai ba sai layin rufe zaman SSH a `/var/log/auth.log`.

Tunda tsohuwar saba ce, ka duba lafiyar faifanta da `smartctl -a`. Idan `Current_Pending_Sector` ko `Reallocated_Sector_Ct` sun tashi daga sifili, faifan ya fara gajiya, kuma kwafin jiya wataƙila shi ne karo na farko cikin shekaru da aka karanta wasu gurabensa. Idan `UDMA_CRC_Error_Count` ne ke hawa, ka zargi kebul kafin faifai.

To mu ce duk wannan ya fito tsaf: lambar fita sifili, layin jimla yana nan, kanel bai yi ƙorafi ba. Har yanzu ba zan sa hannu a goge tsohuwar ba, kuma ga dalili. Lokacin da manhaja ta ce wa Linux rubuta wannan, Linux yakan karɓa ya ajiye a RAM, ƙwaƙwalwar wucin gadi da ke gogewa in wuta ta ɗauke, ya ce an gama, sai daga baya ya sauke a faifai a hankali. Rsync ya ji an ce an gama, ya rubuta nasara a log ɗinsa da zuciya ɗaya. In wuta ta ɗauke a wannan tsakanin, log yana cewa lafiya lau, faifai kuma yana ɗauke da fayil mai suna daidai amma girmansa sifili ko cikinsa fanko. Gaskiya ne rsync yana tantance kowane fayil da ya turo, amma yana tantance abin da ya iso ta waya ne, ba ya komawa ya karanta abin da ya zauna a faifai.

Wanda ya koya mini wannan darasin filasha ce. Wani abokin aiki ya sayo ta a kasuwa, an rubuta gigabait 128 a jikinta, kwamfuta ma ta nuna haka. Muka kwafa mata hotunan wani taro, aikin ya tafi babu tangarɗa, ba kuskure ko ɗaya. Washegari foldoji suna nan, sunaye suna nan, girman kowane hoto daidai. Na farko-farko suka buɗe. Da muka gangara ƙasa sai kowane hoto ya ƙi buɗewa, na leƙa cikin ɗaya na ga sifili ne jere daga farko har ƙarshe. Ainihin cikinta kaɗan ne, an dai sa mata ƙwaƙwalwar da ke ƙaryar girma, tana karɓar duk abin da aka ba ta tana zubarwa. Babu log ɗin da zai kama wannan, domin filashar ce ke yi wa tsarin ƙarya, tsarin kuma ya yi wa manhaja. Tun daga ranar ba na zuba komai a sabuwar filasha sai na gwada ta da f3 a Linux ko H2testw a Windows, waɗanda ke cika ta su karanto abin da suka rubuta.

Saboda haka mu kwance buhunan. Mataki mai sauri shi ne ka sake kunna umarninka na jiya, hanya iri ɗaya harafi da harafi, amma ka ƙara `-n` da `-i`. Na farkon yana hana shi taɓa komai, na biyun yana sa ya lissafa abin da zai yi da an bar shi. Idan bai fitar da komai ba, kowane fayil yana can da girmansa da lokacinsa. Layin da ke ɗauke da `f+++++++++` fayil ne da babu shi sam a sabuwa. In ka ga ya lissafo komai da komai kamar ba a taɓa kwafin ba, kada ka firgita, duba karkatacciyar sandar ƙarshen hanya: `bayanai/` na nufin abin da ke cikin foldar, `bayanai` kuma foldar kanta, kuma wannan bambancin ya sa mutane da yawa sun zaci kayansu sun ɓata alhali suna folda cikin folda. Ka kuma nemi fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo ya ƙare da haruffa shida barkatai. Waɗannan ragowar aikin da aka katse ne, don rsync a can yake fara rubutu kafin ya mayar wa fayil sunansa na gaskiya.

Mataki mai nauyi, wanda shi ne hujja, shi ne kwatanta zanen yatsa. Ana bin kowane fayil a karanta shi gaba ɗaya a fitar masa da lamba ta musamman. Ta SHA-256 harafi 64 ce, kuma ko ɗigo ɗaya ya canza a cikin fayil ɗin, lambar za ta bambanta kwata-kwata. Hanya mafi sauƙi gare ka ita ce ƙara `-c` a kan waccan gwajin, ya zama `rsync -anci`, sai ya karanta ɓangarorin biyu ya nuna wanda cikinsa ya saɓa. Ni dai na fi son in sami takarda a hannu. A tsohuwar saba, cikin foldar, sai in rubuta `find . -type f -exec sha256sum {} + > /tmp/asali.txt`. In kai wannan fayil ɗin sabuwa, in shiga foldar da aka kwafa, in rubuta `sha256sum -c --quiet /tmp/asali.txt`. Idan ya gama bai ce uffan ba kuma lambar fitarsa sifili ce, kowane fayil ya dace. Wanda bai dace ba zai fito da `FAILED` a gabansa. Amfanin wannan hanyar shi ne jerin zai zauna, bayan shekara biyu in aka zo ana gardamar ko wani fayil ya lalace, kana da abin kwatantawa.

Sharaɗi biyu ne. Na ɗaya, ka sake tada sabuwar saba kafin gwajin, ko ka rubuta `sync` sannan ka zubar da abin da ke RAM da `echo 3 > /proc/sys/vm/drop_caches`, in ba haka ba kana iya tantance abin da ke ƙwaƙwalwa ka zaci faifai ne. Na biyu, a hana kowa aiki a tsohuwar lokacin, don in akawu ya buɗe takardarsa ya adana, zanen yatsanta zai canza ka yi ta neman laifin da babu. Zai ci awoyi, ka bar shi ya kwana, wannan karon cikin `tmux` da log.

Akwai abu ɗaya da ko zanen yatsa ba zai cece ka daga gare shi ba. Idan akwai rumbun bayanai irin MySQL ko PostgreSQL a sabar kuma yana aiki lokacin kwafin, fayilolinsa da ka ɗauka suna iya zama kowanne daga lokaci daban, rumbun ya ƙi tashi ko ya tashi da gurɓata. Irin wannan ana tsayar da shi ne kafin a kwafa, ko a fitar da shi da `mysqldump` ko `pg_dump`. Duba wutsiyar abin da suka fitar: na MySQL yana rufewa da `Dump completed on` da kwanan wata, na PostgreSQL da `PostgreSQL database dump complete`. Sannan ka loda shi a sabuwa ka ƙirga layukan manyan teburan.

Kada ka ga kamar ina tsananta wa ƙaramin ofis. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da ke ajiye wa masu rubuta manhaja ayyukansu, ya goge foldar rumbun bayanansu a sabar da ba ita ya yi niyya ba, kusan gigabait 300 ya koma 4.5 kafin ya ankara. Da suka juya ga ajiyarsu ta ko-ta-kwana sai suka tarar babu komai a ciki. `pg_dump` ɗin da ke gudana na sigar PostgreSQL 9.2 ne, rumbun kuma sigar 9.6, don haka kullum yana faɗuwa. Yana ma aika saƙon imel na cewa ya faɗi, amma sabar da ke karɓar wasiƙun tana ƙin saƙonnin saboda ba su cika ƙa'idar DMARC ta tantance mai aiko da imel ba. Ba wanda ya ji komai, kowa ya ɗauki shirun a matsayin lafiya. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin nan, kuma aikin waɗannan awoyin ya tafi. Su da kansu suka wallafa labarin dalla-dalla.

Ni ma na taɓa faɗawa ƙanin wannan ramin. Na rubuta wa wani ofis ɗan shirin da ke kwafi kowane dare, na tura abin da rsync ke faɗa ta bututu zuwa `tee`, umarnin da ke nuna saƙo a allo ya kuma rubuta shi a fayil, don ya shiga log, sannan shirin ya duba `$?` ya aiko mini da saƙon nasara. Makonni yana aiko da nasara. Ashe lambar `tee` yake karantawa, shi kuwa `tee` ba ya faɗuwa, faifan ajiyar ya cika tuntuni. Maganin layi guda ne, `set -o pipefail` a saman shirin. In za ka mayar da kwafin nan na kullum, sa shi tun yau.

Tunda na san ofishinku ba zai rasa Windows ba, ga nasa a gurguje. Jan fayil da linzamin kwamfuta daga folda zuwa folda ba ya barin log, don haka babban kwafi a yi shi da robocopy, umarnin kwafi na Windows, tare da `/LOG:` da `/TEE`. A ƙarshensa akwai tebur mai ginshiƙai, `FAILED` da `Mismatch` su kake so ka ga sifili. `Skipped` ba laifi ba ne, galibi fayilolin da ya tarar suna can ne. Lambobin fitarsa sun saɓa wa na kowa: 1 na nufin ya kwafa lafiya, sai daga 8 zuwa sama ne gazawa. Ka kuma sa masa `/R:3 /W:5`, don in ka bar shi da ɗabi'arsa, fayil ɗaya da ya ƙi kwafuwa zai gwada shi sau miliyan yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji, ka dawo da safe ka same shi a wuri ɗaya. A Event Viewer, inda Windows ke ajiye log ɗinsa, ɓangaren System, lamba 41 da 6008 mutuwar bazata ce, 7 gurɓataccen gurbi a faifai, 153 an sake gwada karatu ko rubutu, 157 faifai ya fice ba sallama, 55 kuma ɓarna a NTFS, tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi a faifai. Zanen yatsa a can `Get-FileHash` ne a PowerShell. In faifan da za a kai wa kaya mai tsohon tsarin FAT32 ne, duk fayil ɗin da ya kai gigabait 4 ba zai shiga ba.

Game da oga, abin da zan yi a matsayinka shi ne in gama gwajin zanen yatsan, in mayar da ma'aikata kan sabuwar saba, in kashe tsohuwar ba tare da na goge ta ba, in bar ta haka har a yi albashin ƙarshen wata. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, mu dai wata guda muke roƙo. A wannan lokacin ne ake gano abin da ba ya cikin foldar da ka kwafa tun farko: ayyukan `cron` da ke gudana da kansu a kan lokaci, saitunan `/etc`, izinin foldojin da ake rabawa, da wata foldar da akawu ke ajiye abubuwansa a inda ba wanda ya sani. Idan sashen da ke jira ya matsa, cire faifan ka sa a durowa ka rubuta kwanan wata a jikinsa, a saya musu sabo su tafi da sabar.